Koren Zare a Wuyan Riga

"Ki ce masa kada ya zo."

Garwashi ba ta ɗago ba. Ta yayyafa wa zanen gadon da ke kan tebur ruwa, ta danna masa dutsen guga har tururi ya taso ya rufe mata fuska. Gara tururin, don kada Inna ta ga idonta.

"Da ke nake magana."

"Inna, ya riga ya taso. Ke kika ce ya zo yau da la'asar ya gaishe ki."

"Na ce, yanzu kuma na warware. Bakina ne ko naki?"

Inna ita ce mai wankin gidan nan, shekara ashirin da bakwai ke nan. A ɗakin baya na uku, wanda ya jingina da tankin ruwa, ta haifi 'yarta, kuma mijinta, direban gidan, ya rasu yarinyar tana rarrafe. Tun tana 'yar mitsitsiya take ɗebo wa uwarta wuta a kasko, zamanin dutsen gawayi, har kowa ya manta sunanta aka bar ta da Garwashi. Ta tashi cikin kwancen 'yar masu gida, ta koyi tafiya tsakanin igiyoyin shanya. Yanzu shekarunta ashirin da uku, kuma duk gugar gidan, daga rigunan Alhaji har tsumman goge tebur, ta hannunta take bi.

Wanda ake rigimar a kansa kuwa mai famfo ne, wani dogo siriri mai ɗan shago a bakin titi, da ake kira in bututu ya fashe. Tun ranar da ya zo duba famfon ɗakin wanki, famfon nan bai ƙara samun lafiya ba. Kukun gidan ma sai da ya ce shi dai bai taɓa ganin famfo mai son likita irin wannan ba.

Inna ta ja kujera ta zauna, tana murza gwiwarta da ta daɗe tana damunta.

"Jiya Yallaɓai ƙarami ya tare ni a ƙasan bene. Ya ce in ya sake ganin yaron nan a bayan gida ba da jakar aiki ba, zai karya shi, mu kuma mu nemi wurin kwana."

"Shi mene ne nasa a ciki? Aurena zai yi?"

"Ke ma kin san ba aure yake nema ba."

Ta sani mana. Yallaɓai ƙarami shi ne babban ɗan gidan, wanda ma'aikata ke kira Tulu a bayan idonsa, saboda daga wuya zuwa ƙugu babu inda ya rage wa abinci wuri. Inna ce ta goye shi yana jariri. Wata shida ke nan yana faɗowa ɗakin guga da sunan neman riga, ya tura ƙofa da ƙafa ya tsaya yana lasar leɓe. Zuwansa na ƙarshe sai da Garwashi ta ɗaga dutse mai zafi tsakaninsu kafin ya ja da baya, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"To in kin sani, Inna, ai gara in yi auren in fita. Ko so kike in zauna har ranar da zai same ni babu dutse a hannuna?"

Hawaye suka zubo wa tsohuwar.

"Ki fita ki bar ni da su? Ni ina za ni? Ba ni da ɗan'uwa a waje, ba ni da ɗaki a waje. Rabona da kwana a wani wuri tun kafin a haife ki. Ki ba ni lokaci, 'yar nan, in lallaba Hajiya. Faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa."

"Shekara nawa za mu yi muna wasan?"

Garwashi ta kife dutsen, ta durƙusa ta kama ƙafafun uwarta, kukan da take ta dannewa tun safe ya ƙwace mata.

"Inna, ina sonsa. Wallahi ina sonsa. Shi kaɗai ne ya taɓa shigowa ɗakin nan ya tambaye ni ko na gaji. Shekaranjiya ya kawo mini sabuwar farar riga da ya ɗinka don yau kawai, ya ce in goge masa, kada ya tsaya a gabanki kamar wanda ya fito daga kwata. Gaisuwa kawai zai yi, ki ji ta bakinsa, ya tafi."

Inna ta buɗe baki za ta amsa, sai suka ji tsawa daga tsakar bayan gida.

"Kai! Tsaya nan!"

Garwashi ta fita da gudu ko takalmi babu.

Mai famfo na tsaye kusa da tankin ruwa cikin farar rigarsa, karin guga ya fito ras a hannuwanta, ga 'yar ledar tsaraba a hannunsa. Tulu ya tare masa hanya.

"Ina jakar aikinka?"

"Ranka ya daɗe, yau ba aiki na zo ba. Inna na zo gaisarwa."

"Gidan ubanka ne da za ka zo gaisuwa?"

Mai famfo ya sunkuyar da kai. Tulu ya cakumi wuyan rigarsa ta baya zai ja shi waje, wuyan ya juye a hannunsa. Sai ya tsaya cak. Ya ƙura wa wurin ido, murmushi ya bazu a fuskarsa a hankali.

"Maigadi! Ku zo ku biyun. Yau na kama ɓarawo da hannuna."

Daga inda take tsaye Garwashi ta hango abin da ya gani. Ɗinki uku ne na koren zare a cikin wuyan rigar.

Dokar ɗakin guga ce, tun kafin ta yi wayo. Duk sabuwar tufar da ta shigo, kafin ta ga ruwa ko dutse, sai an yi mata ɗinki uku a ciki don kada kaya su cakuɗe: baƙi na Alhaji, ja na Hajiya, kore na babban ɗa, ruwan ɗorawa na ƙanwarsa. Kayan ma'aikata ba su da alama, don ba sa shiga ɗakin ma. Shekaranjiya aka kawo wa Tulu sababbin riguna, ta wuni tana soka musu kore. Da mai famfo ya miƙo mata tasa, allurar na nan soke a gefen tebur da sauran zarenta. Zuciyarta na can wajen tunanin ranar yau, hannunta ya ga sabuwar riga ya yi aikinsa. Sabo turken wawa.

"Ranka ya daɗe, tawa ce," in ji mai famfo. "Ni na kai wa tela..."

Marin da ya sauka a bakinsa ya datse sauran. Ledar ta faɗi, lemo ya gangara ƙarƙashin tanki.

Masu gadin nan biyu sun sha cin gyaɗa da shi a bakin ƙofa, amma wanda ke ba ka albashi ya ce ɓarawo, ba ka tsayawa tambaya. Ɗaya ya murɗe masa hannuwa ta baya, ɗayan ya fizge rigar har maɓallai suka watse. Tulu ya janyo tiyon ban ruwan fulawa, ya ninka shi biyu, ya fara tafka masa a gadon baya.

Dukan farko ya tashi ruɗu-ruɗu. Na uku ya fasa fata.

"Wayyo Allah! Ku bari!"

Garwashi ta yi kansu, Inna ta riƙo ƙugunta ta baya da ƙarfin da ba a san tana da shi ba.

"Ki rufa mana asiri," take raɗa mata. "Don darajar nonon da kika sha, ki yi shiru. Duka ne, zai warke."

Mai famfo bai yi ihu ba. Ya cije leɓe har ya fashe, kowane duka yana fitar masa da wani nishi daga ƙirji. Idonsa ya haɗu da na Garwashi, ya girgiza mata kai kaɗan. Ya gane ita ta yi ɗinkin, kuma cewa yake kada ta yi magana. Wannan girgiza kan ya fi mata tiyon ciwo.

Shirun nasa ne ya ƙara tunzura Tulu. Ya jefar da tiyon yana haki, ya waiwaya ya hango guntun bututun ƙarfe a jingine da bango, ragowar gyaran da mai famfon ya yi da kansa makon jiya.

"Ku shimfiɗa mini hannunsa a kan dakali. Na dama. Hannun da ya ɗauka shi zai biya."

Babban maigadi ya dubi hannun. "Yallaɓai, da hannun yake ci..."

"Ko in sa naka?"

Aka shimfiɗa hannun. Ƙarfen ya sauka sau biyu. Ƙarar ƙashin ta kai har ƙofar kicin, inda kuku ya saki ludayi ya dafe kai. A karo na biyun ne mai famfo ya ƙwalla ƙarar da ta fito da Hajiya daga ciki.

Ta tsaya a saman matattakala, tana gyara mayafinta. Ta dubi jinin da ke bin siminti, ta ɗan yamutsa fuska.

"Mene ne haka? Kun mayar mini da gida mahauta?"

"Ɓarawo ne, Hajiya. Rigata ce a jikinsa. Ga alamar nan."

Aka miƙa mata rigar, ta kama ta da 'yan yatsu biyu, ta duba zaren.

"Mai wanki, zo nan. Ke kika san kayan gidan nan. Ta wa ce wannan?"

Inna ta saki 'yarta, ta taka a hankali. Matar da ko a makance ta shafa yadi za ta gaya maka mai shi, ta karɓi rigar ta juya ta. Ta ga ɗinkin ba na telan gidan ba ne, ta ga yadin ba irin nasu ba ne. Ta dubi yaron da ke kwance yana rungume da hannunsa, ta dubi ƙofar ɗakinta da ke buɗe, labulen yana kaɗawa.

"Ta Yallaɓai ƙarami ce, ranki ya daɗe."

"Shi ke nan," in ji Hajiya. "A kira 'yan sanda."

"Ƙarya ne!"

Kowa ya juyo. A shekara ashirin da uku babu wanda ya taɓa jin muryar Garwashi ta wuce ƙofar ɗakin guga.

"Rigarsa ce. Ni ya kawo wa in goge, ni na yi mata alamar bisa kuskure, da ragowar zaren da ke allura. Bai taɓa ɗaukar ko tsinke a gidan nan ba."

Inna ta juyo ta zabga mata mari, irin wanda ba ta taɓa yi mata ba.

"Yarinya ce, Hajiya, tsoro ne ya ruɗa ta. Kada ki ji ta."

Tulu ya yi dariya. "Saurayinta take karewa. Ai dama na ce tare suke kwasar mana kaya."

Garwashi ta tofar da jinin da ya taru mata a baki. Tsoron da ta tashi da shi tun yarinta ta neme shi ta rasa. Ta fizge rigar daga hannun uwarta, ta nufi Tulu kai tsaye, kafin ya ankara ta kama kafaɗun rigar biyu ta shimfiɗa a ƙirjinsa.

Rigar ba ta rufe ko rabinsa ba. Kafaɗa ɗaya ta tsaya a hammatarsa, ɗayar ta ƙare a tsakiyar ƙirji, tumbi ya leƙo ta ƙasa yana kallon jama'a.

"Hajiya, ki duba da idonki. Ni nake goge rigunansa, kowace ɗaya sai na juya ta sau huɗu kafin ta gama hawa tebur. Yaushe rabon da ya shiga irin wannan? Tun Inna na goyonsa?"

Dariya ta suɓuce wa kuku. Ya yi maza ya mai da ita tari, amma ta riga ta fita, ƙaramin maigadi ma ya juya fuska bango.

Idon Tulu ya kaɗa ya yi ja. Ya dunƙule hannu ya kai mata naushi a ido, ta faɗi da baya kanta ya bugu da ƙafar tanki. Ya bi ta da shuri a ciki, ya ƙara a haƙarƙari, yana zagin uwarta da ubanta da ke kabari. Ta dunƙule tana neman numfashi. Shuri na uku bai same ta ba, don mai famfo ya ja jiki da gwiwar hannu ɗaya ya kifa kansa a kanta. Takalmin ya sauka a bayansa da ya riga ya farfashe.

"Ya isa."

Hajiya ba ta ɗaga murya ba, amma ƙafar ta tsaya a sama.

"Maƙwabta na ji. Wuce ciki ka wanke hannunka."

Ya wuce yana huci. Hajiya ta sauko matakala biyu, ta dubi rigar da ke yashe a ƙasa. Ta ga gaskiyar sarai, ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sai dai gaskiyar da ta sa kuku ya yi wa ɗanta dariya ba abar yafewa ba ce a wurinta.

"A bar maganar 'yan sanda. Ku fitar mini da shi." Ta juya ga Garwashi. "Ke kuma, da dutsena da wutata da sitacina kike yi wa samarin titi guga? A gidan da aka raine ki, kika tsaya kina auna mini ɗa a gaban ma'aikata?"

Inna ta zube a ƙasa ta kama gefen zanen Hajiya.

"Ranki ya daɗe, ki dubi maraicinta. Ki dubi shekarun da na yi..."

"Su nake dubawa, shi ya sa zan ba ki zaɓi. Ko ta fita yanzu da kayan jikinta, kada ƙafarta ta sake taka gidan nan, ke ki ci gaba da zama. Ko kuma in kina ganin 'yarki ce, ki bi ta, ku bar mini makullin ɗaki."

Garwashi ta miƙe da ƙyar, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Da ɗayan ta ga uwarta tana yunƙurin tashi, gwiwar tana ƙi, ta ga hannunta ya nufi bakin zani inda take ɗaure makulli. Za ta bi ta. Tsohuwar da ba ta iya tsayuwar awa guda za ta fita titi ba ɗaki ba dangi, a jingina ta da saurayin da aka karya wa hannun neman abinci.

Hanya ɗaya ce za ta hana ta, kuma Garwashi ta ji kamar ana zare mata rai kafin ta buɗe baki.

"Kada ki biyo ni."

"'Yar nan..."

"Ni ba 'yarki ba ce. Uwar da za ta ga an karya mutum a kan ƙarya ta sa hannu a ƙaryar, ba na bukatarta. Ki zauna da ɗan da kika goya. Daga yau ba ni ba ke."

Ta faɗe shi da ƙarfi yadda Hajiya za ta ji kowace kalma. Hannun Inna ya sauka daga bakin zanin a hankali. Hajiya ta taɓe baki.

"Kin dai ji da kunnenki, mai wanki. Abin da kika haifa ke nan." Ta juya ta haye sama.

Garwashi ta sa kafaɗarta ƙarƙashin hammatar mai famfo ta ɗaga shi. Hannunsa na dama na reto, yatsun sun kumbura sun karkace. Jininsa ya jiƙa mata riga tun kafin su yi taku goma.

"Me ya sa kika yi magana?" ya ce, muryarsa da ƙyar take fita. "Da kin bari sun tafi da ni. Kwana nawa ne?"

"Yi shiru ka taka."

"Kin rasa gida saboda ni. Kin rasa Inna."

"Na ce ka taka. In ka faɗi ba zan iya ɗaga ka ba."

Babban maigadi ya buɗe musu ƙaramar ƙofar ƙarfe, ya kasa haɗa ido da su. Suka fita, ƙofar ta rufe, sakata ta shiga. A nan ƙarfinsu ya ƙare, suka sulale suka zauna a ƙasa, bayansu jingine da ƙarfen. Garwashi ta yage gefen ɗankwalinta tana ɗaure masa hannu, hawaye na ɗiga a kan ƙullin, bakinta ba abin da yake maimaitawa sai, "Inna, ki yafe mini. Inna, ki yafe mini."

Sai ta ji jan ƙafa ta ciki, tafiyar da ko cikin mutum dubu za ta gane. Wani abu ya jingina da ƙofar daga can ɓangaren. Murya ta fito ta tsagar da ke tsakanin ƙarfe da bango, ƙasa-ƙasa.

"Yaro, kana jina?"

Mai famfo ya ɗago kai. "Ina ji, Inna."

"Na cuce ka, Allah na gani. Abin da ka zo nema kuma na ba ka. Ka riƙe ta da hannun da ya rage maka." Muryar ta karye, ta sake haɗuwa. "Ke kuma mai baƙin wayo, ni na haife ki. Kin zaci ban gane ba?"

Garwashi ta juya ta manna fuskarta a tsagar, ta tura yatsu biyu ciki. Wasu yatsun, masu kaushin sabulu, suka kama su suka matse.

"Inna, buɗe ki fito in gan ki. Sau ɗaya kawai..."

Daga can saman bene muryar Hajiya ta ratso tsakar gida.

"Mai wanki! Ina kika shiga? Ɗauko bokiti ki wanke mini jinin nan kafin ya bushe."

Yatsun suka saki nata.

"Na'am, ranki ya daɗe," in ji Inna. "Ga ni nan zuwa."